Shekarar da na tsaya wa Kumbo

Ku duka kun tashi kun tarar kawunku Ladan ba ya taka ƙofar gidana, kuma haka aka zauna har Allah ya karɓi abinsa. Na san kowannenku ya ji dalili daga bakin wani. An gaya wa wasunku rabon gadon gidanmu na Wurno ne ya raba mu, an gaya wa wasu wai boko ne ya hau mini kai na zage shi gaban mutane. Duk ƙarya ce. Ban taɓa zagin yayana ba, kuma gidan Wurno ko tubali ɗaya ban nema ba. Wata shari'a ce da na karɓa, ya ce in ajiye, na ƙi. Tunda yanzu ba ya raye balle a ce na tozarta shi, ni kuma tsufa ya zo, gara ku ji daga bakina.

Aikina dai kun san shi, ko da yake kun fi sanin tsiyar da nake yi muku idan na dawo a gajiye. Shari'ar iyali na yi duk rayuwata, musamman riƙon yara: marayu, da jariran da aka tsinta, da waɗanda iyaye suka rabu aka rasa inda za a ajiye su. Addini bai yarda a ɗora wa yaro sunan wanda bai haife shi ba, ni ma ban taɓa neman haka ga kowa ba. Abin da na yi ta faɗa a kai shi ne kada a fizge yaro daga hannun da ya saba da shi don kawai wani ya fi ƙarfi ko ya fi baki. A shekarar da nake ba ku labari ban daɗe da buɗe ɗan ofishina a Sakkwato ba. An riga an datse ruwa a Goronyo, ƙauyukan da ruwa ya ci an tashe su an ba su sababbin matsugunai, ana ta haƙa hanyoyin ruwa, kowa bakinsa shinkafa da alkama da tafarnuwa. Dangi sun watse, wanda ya bi shanu ya bi, wanda ya bi gona ya bi, kuma a irin wannan watsewa yara ne ke shan wuya.

Wata Juma'a na je Wurno gaida Inna, na tarar da wata Bafillata zaune bakin ƙofar ɗaki, doguwa, ramammiya, ba awarwaro ba ɗan kunne, ta lulluɓe da wani tsohon zane. Sunanta Kumbo. Da can ita ke kawo wa Inna nono kafin a tashe su. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara, ta tambayi zafi, amma abin da ya kawo ta ta kasa faɗi. Ni kuwa kun san ba ni da haƙurin wannan. Inna ce ta ga na fara motsi, ta harare ni, sannan ta ba ni labarin da bakinta.

Kumbo tana da ƙawa, Dije, Bahaushiya mai turara shinkafa. Tun suna 'yan mata suka ƙulla ƙawance irin na da, wanda ake kai goro a shaida wa manya. Kumbo ta yi aure, ba ta samu haihuwa ba, auren ya mutu. Dije kuma mijinta ya rasu tana da ciki. Da aka tashi ƙauyensu, dangin Kumbo suka kora shanu suka yi wajen Raba, ita ta ƙi bin su. Su biyun suka karɓi fili ɗaya kusa da Taloka, suka yi gida ɗaya, tukunya ɗaya, suka kama 'yar gona bakin ruwa. Da Dije ta haihu, ranar suna ta ɗauki jaririyar ta sa a cinyar Kumbo gaban mata, ta ce ta ba ta. Aka sa mata Hauwa'u, ana ce mata Kulu. Haka suka rene ta tare har ta isa shiga makaranta. Sai ga shekarar amai da gudawa, Dije ta kwanta, ba ta tashi ba. Kafin ta cika ta sa aka kira liman da mai unguwa, ta ce su shaida ta bar yarinyar a hannun Kumbo. Yanzu ga baffan yarinyar, wan ubanta, ya kai ƙara kotun alƙali a Goronyo, yana so a ba shi ɗiyar ƙanensa.

Da Inna ta faɗi sunan baffan sai na gane dalilin hararar. Alhaji Umaru ne, babban dillalin tafarnuwa da albasa na Wurno, kuma shi ne uban matar Yaya Ladan. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai kyauta, gidansa cike da yaran dangi, kowa na cin tuwonsa. Sai dai tunda aka haifi Kulu bai taɓa zuwa ya gan ta ba sai ranar gaisuwar mutuwa, kuma abin da ya tayar da shi surutun mutane ne. An daɗe ana gulmar gidan nan, mata biyu ba miji, an yi ta zuwa neman aurensu suna kora, ɗaki guda suke kwana. Shi kuwa ya rantse jinin gidansu ba zai tashi a wurin ba.

Ban bar Wurno ba sai da Yaya Ladan ya same ni a zaure. Ko zama bai yi ba.

"Na ji abin da wagga mata ta zo nema. Ba ruwanki. Ki ce mata ki na da aiki."

"Yaya, aikin ke nan."

"Surukina za ki tsaya ki yi ma tambayoyi gaban jama'a? Kuma don wa? Kin san abin da aka hwaɗi bisa gidan nan?"

"Na ji. Wa yag gani?"

Ya ce ba sai an gani ba. Na ce a wurina sai an gani. Ya ce idan na sa ƙafa a kotun nan in manta ina da wa. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai, don shi ya goya ni, shi ya tsaya wa Baba har aka bar ni na yi karatu. Amma ban ce masa zan yi tunani ba, don na san ba zan yi ba. Inna tana jin mu daga cikin gida, sai da zan tafi ta ce in wuce da Kumbo tasha tunda hanya ɗaya ce.

Mako na zagayowa na tafi Taloka don in ga gidan da idona. Gida ne ɗan ƙarami, shararre tas, ga tukunyar turara shinkafa a kife, ga ƙoren nono a jere. Kulu ta dawo daga makaranta da allonta, yarinya mai tsabta, an yi mata kitso, ƙafarta da takalmi. Maƙwabta suka ce tunda Dije ta rasu Kumbo ba ta fita ko kasuwa, ta cire duk wani ado, ba kwalli ba lalle, kamar mai takaba, kuma zuwanta Wurno shi ne fitarta ta farko. Na ce mata wannan abu za a ɗauka a yi mata makami da shi, don ba a yi wa ƙawa takaba. Ta dube ni ta ce ita ba ta san sunan abin da take yi ba, ta dai kasa yin wani abin. Ɗayarku ta taɓa tambayata mene ne tsakanin matan nan biyu. Amsar da na ba ta ita zan ba ku duka: ban tambaya ba, kuma ba aikina ba ne in leƙa ɗakin da Allah ya rufe. Abin da na gani shi ne gida, da mutum biyu da suka riƙe juna lokacin da ruwa ya cinye musu komai, da yarinyar da ba ta san wata uwa ba bayan su. Wannan ya ishe ni tsayawa.

Matsalata ita ce shari'ar ba ta da ƙarfi. A fiƙihun da muke bi, wanda aka bar wa wasiyyar yaro yana gaban baffa wajen riƙo. Amma wasiyyar uwa ba ta kai ta uba nauyi ba, alƙali na iya karɓa, yana iya ƙi, gwargwadon abin da ya ga ya fi wa yaron. Ke nan komai ya rataya ga abu ɗaya, alƙali ya dubi Kumbo ya ga uwa. To nan fa na gamu da gamona. Na zaunar da ita ina koya mata abin da za ta faɗa, na ce ta gaya wa alƙali tana son yarinyar, ta ce ba ta iya rayuwa ba tare da ita ba, ta kira sunanta. Matar nan ta sunkuyar da kai. Na ce ta ce Kulu. Ta kasa. Idan za ta ambace ta sai ta ce "waccan", idan yarinyar ta shigo sai ta kau da fuska, ta miƙa mata abinci ba tare da ta dube ta ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce mata da wannan taurin kai za ta rasa yarinyar, kuma kada ta zo mini da kuka. Ta ce, "Lauya, ki yi haƙuri, bakina ba ya ɗaukatai." Na tattara takarduna na fito ina huci.

Na dawo gida ina ta zazzaga wa babanku, Allah ya jiƙansa. Yana cin abinci yana saurare, kun san shi da sanyin tsokana. Da na gama sai ya nuna tsakar gida da cokali, inda babbanku ke wasa, ya ce, "To ke mai digiri, kira min wancan da sunanai in ji." Na buɗe baki, bakina ya mutu. Kai babbansu, ka san har yau da furfura a kanka ban taɓa kiran sunanka ba, Maigida nake ce maka, kuma ban taɓa zama na yanke shawarar haka ba, haka na tsinci kaina. Kunyar ɗan fari ce, wadda uwa ke yi, Fulani kuma sun fi kowa tsananta ta. Washegari na koma Taloka na tambayi maƙwabta, suka kwashe da dariya. Suka ce ai abin dariyar unguwar ke nan tun da can: Dije da ta haifa ita ke ƙwala kiran Kulu daga nan har bakin gona, tana cewa ai ba tata ba ce, Kumbo kuwa da ba ta haifa ba ita ta ɗauki kunyar. Daga ranar ban sake koya wa Kumbo ko kalma ɗaya ba. Na ce mata ta shiga kotu yadda take.

Ranar shari'a kotun ta cika, don an ji mace za ta tsaya, kuma an ji irin maganar da za a yi. Alƙalin dattijo ne mutumin Giyawa, mai ƙarancin magana. Alhaji Umaru bai ɗauki lauya ba, ya ce bakinsa ya ishe shi, ga Yaya Ladan zaune bayansa ya sha mur, ko inda nake bai duba ba. Liman da mai unguwa suka ba da shaidar wasiyya. Sannan Alhaji ya tashi ya fara zancen mata biyu a ɗaki guda. Ban bari ya kai ƙarshe ba. Na ce, Allah ya gafarta malam, idan yana da shaidu ya kawo su yanzu, idan ba ya da su to ƙazafi yake shirin yi wa matar da ke kabari da matar da ke zaune, kuma kotu ta san hukuncin wannan. Alƙali ya tambaye shi ko yana da shaida. Ya ce mutane ke faɗi. Alƙali ya ce mutane ba suna ba ne, ya wuce wannan maganar.

Sai ya koma ga abin da ya gani da idonsa, kuma a nan gaskiya ya faɗa. Ya ce ranar da ya je gaisuwa matar nan ko kallon yarinyar ba ta yi ba, marainiya sabuwa, amma ko a jikinta. Ya ce ya tambaye ta sunan yarinyar ta yi masa banza. Ya ce wannan ba riƙon ƙauna ba ne, 'yar aike take so. Alƙali ya juya ga Kumbo.

"Ke, mi as sunan yarinyag ga da kika son a bar maki?"

Kumbo ta ja zane ta rufe rabin fuska. Ya sake tambaya. Na ga leɓenta na motsi, amma ko sauti. Wani a baya ya yi dariya. Alhaji ya buɗe hannuwa yana duban jama'a, alamar kun gani. Ba zan ɓoye muku ba, na tsorata, don idan alƙalin nan bai gane ba to yarinyar ta tafi. Amma ni 'yar Wurno ce, na san gidan su Alhaji tun ina yawo ba ɗankwali, na kuma san mahaifiyarsa. Na nemi izini in yi masa tambaya ɗaya.

"Baba Alhaji, kai na babba ɗakinku?"

"Ni na."

"Hajiya, Allah shi jiƙanta, mi taka ce maka?"

Ya dube ni.

"Baƙo," ya ce.

"Ka taɓa jin sunanka bakinta?"

"Har tar rasu ban ji ba."

"To ƙinka taka yi?"

Ya zauna a hankali, ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Ni kuma na ce wa alƙali na gama. Tsofaffin da ke wurin duk sun gane, har na ji wata tsohuwa bakin taga tana salati. Alƙali ya sa aka shigo da Kulu, bai tambaye ta wa take so ba, ya dai ce ta je ta zauna. Yarinyar ta ratsa mutane, ta wuce baffanta, ta wuce ni, ta je bayan Kumbo ta zauna ta jingina da ita. Kumbo ba ta juya ba.

Hukuncin bai yi tsawo ba. Ya tabbatar da wasiyyar, ya bar riƙo a hannun Kumbo har yarinya ta yi aure. Ya ce nasaba tana nan ga ubanta, kuma baffanta shi ne waliyyinta ranar aure, babu mai karɓe masa wannan. Ya kuma ce duk Salla a kai ta Wurno ta yi mako a gidan dangin ubanta don ta san su. Na ji daɗin hukuncin, kuma har yau ina ganin daidai ne, don ban je can in raba yarinya da danginta ba.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. A Wurno aka sa mini suna lauyar marasa maza. Gidajen da suka saba kirana biki suka daina, wasu manya da suka yi alkawarin kawo mini aiki suka janye. Wannan bai dame ni ba, aiki ya zo daga wani wuri, don daga shekarar nan matan da ba su da kowa suka san ƙofata, kuma da su na yi suna. Wanda ya dame ni Yaya Ladan ne. A ganinsa na sa surukinsa ya tuna uwarsa gaban jama'a har idonsa ya kawo ruwa, kuma wannan cin fuska ne da ba a yafewa. Na je gidansa, na aika manya, Inna ta yi kuka, bai sauko ba. Ranar da Inna ta rasu muna zaune gida ɗaya yana karɓar gaisuwa ta wannan gefe ina karɓa ta wancan. Na yi kewarsa ƙwarai, har yau ina yi. Amma da za a mayar da ni zauren nan, amsar da na ba shi ita zan sake ba shi.

Da Salla ƙarama ta zo aka aiko mota daga Wurno aka ɗauki Kulu. A aikina na sha ganin irin wannan tafiya, a ce mako ɗaya, yaro ya shiga gidan masu ƙarfi, shi ke nan sai a ce ya saba, sai a ce ya shiga makaranta, sai a koma kotu a yi shekaru. Kuma na san akwai masu zuga Alhaji ya yi hakan. Ranar da ya kamata a dawo da ita na bar ku wurin babanku na tafi Taloka tun da hantsi, da shirin idan ba a kawo ta ba in wuce Goronyo da safe. Na tarar Kumbo ta rame fiye da da. Ta dafa shinkafa da yawa ta rufe. Ba ta ce mini tana tsoro ba, amma duk babur da ya wuce sai tsintsiya ta tsaya a hannunta. Azahar ta yi, ba kowa. Muka yi la'asar, ba kowa. Na fara tsara abin da zan faɗa wa alƙali a raina, ina ta cika ina batsewa.

Sai muka ji tsayuwar mota, sannan sallama. Na leƙa ta katanga. Ba direba aka aiko ba, Alhaji Umaru ne da kansa, da babbar riga, riƙe da hannun yarinyar, tana sanye da sabuwar atamfa. Bai shigo ba, ya tsaya bakin ƙofa inda baƙo ke tsayawa. Wata maƙwabciya ta fita ta gaishe shi, ta tambaye shi wa za a ce yana nema. Ya saki hannun Kulu, ya gyara murya yadda za a ji daga ciki.

"Ku hwaɗa ma uwak Kulu, ga ɗiyatta na maido."